Shahon Sudan na tafiya Halij, mu ko ƙirga shi ba mu yi ba

Oktoba ya kama, damina ta ɗauke ƙafa. Tsuntsaye masu farauta da suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe a Turai da tsakiyar Asiya sun fara kwararowa kudu, wasu ta gaɓar Bahar Maliya, wasu ta kwarin Nilu. Masana suna lissafa wannan hanya a matsayin ta biyu mafi girma a duniya ga manyan tsuntsaye masu shawagi, domin sama da miliyan ɗaya da rabi ke bin ta kowace shekara, kuma Sudan tana kwance a kanta. Su dai tsuntsayen ba su da labarin yaƙi. Masu jiransu a ƙasa da tantabara da zaren nailan kuwa suna da labari sarai, sun kuma san cewa tun 15 ga Afrilun 2023 hankalin hukuma ya koma wani wuri.

Na san abin da wani zai ce. Malam, Fashir ta sha ƙawanya, kwalara ta ɗebi mutane a Umdurman a 2025, zazzaɓin dengi ya kwantar da unguwanni, rabin gidajen Soba babu ƙofa babu taga, kai kuma ka zo mana da zancen tsuntsu? Ban musa ba, ran mutum shi ne gaba. Abin da ya sa na ɗauko zancen yanzu shi ne a cikin watannin nan ake yanke shawarar da za ta daɗe. Falwayar da za a kafa bana za ta tsaya shekara arba'in ko hamsin. Hanyar fasa-ƙwaurin da ta buɗe a lokacin yaƙi ba ta rufuwa don an daina harbi. Wanda kuma aka hana shi ɗaga kyamara yau, in ba a yi magana ba, haka za a ci gaba da hana ɗansa.

Yadda cinikin yake

Farauta da shaho tsohuwar al'ada ce ta Larabawan Jazira, kuma Musulunci bai hana ta ba. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo, malamai kuma sun shigar da tsuntsu a ciki. Mu da muka taso da Risala mun karanta bambancin da Malikawa suka yi: farautar neman abinci halal ce, ta wasa kawai makaruhi ce. A da Balarabe yakan kama shaho da kaka, ya horar da shi, ya ci nama da shi duk lokacin sanyi, in zafi ya matso ya sake shi ya koma inda ya fito. Kuɗin man fetur ne ya canza lissafin. Shaho ya zama abin alfahari da gasa, ana ajiye shi shekara da shekaru a ɗaki mai na'urar sanyi, kuma buƙata ta ninka abin da daji zai iya bayarwa.

A 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan farauta cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Zuwa 2021 ƙasashe 24 ne ke cikin rajistar, daga Imarat da Saudiyya da Katar har Jamus da Mongoliya da Koriya ta Kudu. A Afirka kaf Maroko ce kaɗai. Sudan ba ta ciki. Mu namu rabon a wannan harka shi ne kamawa da miƙawa.

Kala uku aka fi nema. Akwai hurru, babban shaho mai ruwan ƙasa da ke hayayyafa daga Hangari har Mongoliya, shi Larabawa suka fi so don farautar tuje, wanda suke kira hubara. Akwai shahin, wanda ba a san wata halitta da ta fi shi gudu ba in ya dunƙule fikafikai ya sulmiyo, yakan wuce kilomita 300 a awa. Sai wakari, wanda shi ɗan gida ne, a duwatsunmu yake sheƙa, kuɗinsa bai kai na waɗancan ba, shi ya sa ma ake wulaƙanta shi.

Dabarar kamun ba ta da wuya a faɗa. Ana ɗaura wa tantabara wata 'yar riga mai zarge-zargen nailan a baya, a sake ta inda aka hango shaho. Ya kawo sura, faratansa su sarƙe. Wata dabarar ta fi wannan rashin imani: a samo ƙaramin shaho kamar wakari, a ɗinke masa fatar ido yadda ba zai gani sosai ba, a ɗaura masa dunƙulen gashin tsuntsu mai zarge a ƙafa, a jefa shi sama. Babban shaho ya ɗauka ɗan'uwansa ya yi kamu, ya zo ƙwace, su faɗo tare. Kafin a samu hurru ɗaya na kirki, ƙananan da suka mutu a wannan aiki ba mai lissafa su. An daɗe ana wannan sana'a a gaɓar Bahar Maliya da filayen gabas, wasu masu kamun 'yan ƙasa ne, wasu baƙi ne da ke zuwa da kaka su koma.

Ga inda ɓarnar ta fi tsanani. A jinsin shaho mace ta fi namiji girma, da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka ita ake so, musamman 'yar shekara ɗaya da ba ta taɓa yin ƙwai ba. Kowane makiyayi ya san abin da ke faruwa da garken da ake zare masa karsana duk shekara a bar masa bijimai. Hurru yanzu yana cikin jerin halittun da ƙungiyar IUCN ta ce suna fuskantar ƙarewa.

Kuɗin da ke ciki kuwa ba na wasa ba ne. A Oktoban 2020, a gwanjon Kulob ɗin Shaho na Saudiyya, an sayar da wani matashin shahin da aka kamo a daji kan riyal 650,000. A Satumban 2021, a Malham da ke arewa da Riyad, wani farin shaho da aka ƙyanƙyashe a gona a Amurka ya tashi kan riyal miliyan 1.75. A Abu Dabi akwai asibitin shaho tun 1999, kuma tun 2002 Imarat take yi wa shaho fasfo nasa na kansa. To ka ɗauki saurayin da yaƙi ya raba da gonarsa ko shagonsa, ya ga irin wannan bidiyo a waya, ka ce masa ya bar tsuntsu ya wuce ta kansa. Wa'azi kaɗai ba zai yi ba. Sai dai abin da bidiyon ba ya nuna masa shi ne dillalai nawa ne tsakaninsa da wancan zauren gwanjo, kowa da nasa kason, da kuma tsuntsaye nawa ke mutuwa a hanya an naɗe su cikin tsumma kamar gawa. Shi ne ke kwana a daji wata biyu, shi ne kuma ke samun mafi ƙanƙanta.

A takarda ba mu rasa doka ba. Sudan ta shiga yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ke cikin haɗari tun farkon shekarun 1980. A ƙarƙashinta shahin na daji yana rukuni na ɗaya, wato an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, hurru da wakari kuma suna rukuni na biyu, sai da takardar izini. Muna da dokar kare namun daji ta 1986, muna da 'yan sandan namun daji. A Oktoban 2008 Sudan ta sa hannu a Abu Dabi kan yarjejeniyar kare tsuntsaye masu farauta masu ƙaura. Amma takardar izinin CITES tana da sharaɗi: sai masana na ƙasar sun tabbatar cewa fitar da wannan adadi ba zai cutar da jinsin ba. Da wane lissafi za su tabbatar?

Littafin da ake komawa gare shi kan tsuntsayen Sudan shi ne taswirar da Bajamushe Gerhard Nikolaus ya wallafa a 1987, lokacin Kudu ba ta ɓalle ba, ni kuma ko haihuwata ba a yi ba. Kafin shi sai na Cave da Macdonald na 1955, tun Turawa ba su tafi ba. A Janairun 2024 wasu masana ƙarƙashin Phil Shaw da Darcy Ogada suka fitar da babban bincike kan jinsi 42 na tsuntsaye masu farauta na dazukan Afirka, suka gano kashi 88 cikin ɗari sun ragu a cikin shekara 20 zuwa 40. Sun iya faɗin haka ne don an taɓa bin hanyoyin mota a Mali da Barkina Faso da Nijar da arewacin Kamaru da Kenya da Botswana ana ƙirgawa, aka dawo bayan shekaru aka sake ƙirgawa. Raguwar ta fi muni a Afirka ta Yamma. Sudan, da faɗinta da komai, ba ta cikin ƙasashen da aka yi wannan awo.

Hatta tsuntsun da ke kan tambarin ƙasa haka yake. Sakarul Jidyan, mai dogayen ƙafafu da ke tattake maciji har ya mutu, shi ya maye gurbin karkanda a tambarin Sudan a 1970. Yana kan fasfo, yana kan takardar shaidar da muke ba ɗalibai, da sunansa ake kiran ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, wadda ta lallasa Najeriya 4 da nema a gasar CHAN a watan Agustan 2025 (’yan’uwa na Kano su yi haƙuri, ba tsokana ba ce). A 2020 IUCN ta ɗaga shi zuwa rukunin masu fuskantar ƙarewa. Na tambayi ajina wa ya taɓa ganinsa da rai, ba wanda ya ɗaga hannu, wani yaro ma ya ɗauka zane ne kawai irin na tatsuniya.

Ɗan abin da muke da shi na tarihi ma yaƙi ya ci. Gidan adana halittu na Jami'ar Hartum, a Shari'ul Jami'a, ya faɗa tsakiyar fagen fama tun kwanakin farko. Dabbobin da ke ciki da rai sun mutu da yunwa da ƙishirwa don ba mai iya kai musu, ga kuma samfuran tsuntsaye da aka tara tun zamanin Turawa. Dajin Sunut da ke bakin Nilul Abyad kusa da Mugran, wanda aka keɓe wa tsuntsaye tun kafin 'yancin kai, duk wanda ya bi ta wurin ya ga yadda gatari ya yi da bagaruwarsa, don gas ya yanke, mutane sun koma itace da gawayi. Ba na zargin uwar da ta dafa wa 'ya'yanta abinci. Amma tsuntsun da ya saba kwana a can bana zai zo ya tarar da kututture.

Falwaya ta fi tarko kisa

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so mu riƙe, don shi ne ke hannunmu yanzu-yanzu. An kwashe tagullar wayoyin lantarki a Hartum, an farke taransifomomi, kuma ana ta aikin maido da wuta unguwa-unguwa. Kowa addu'arsa a yi sauri. Sai dai Sudan ta taɓa yin kuskure a irin wannan aiki wanda duniyar masana tsuntsaye ta san shi da suna.

A shekarun 1950 aka ja layin wuta mai tsawon kilomita 31 daga Bur Sudan zuwa Hor Arba'at, inda garin ke samun ruwa. Wurin fili ne fetal, ba itace. Farar ungulu, wadda Larabawa ke kira rahama, in ta tsallako daga Turai da Asiya a gajiye, ba ta da wurin sauka sai kan falwaya. Falwayar kuwa ƙarfe ne a gicciye a samanta, wayoyin kusa da juna ba rufi. Tsuntsu ya sauka kan ƙarfen, ya buɗe fiffike, gefe ɗaya ya taɓa waya, shi ke nan. Nikolaus ya tarar da gommansu a mace a ƙarƙashin layin a farkon shekarun 1980. A 2010 masu bincike daga Bulgeriya tare da Ƙungiyar Namun Daji ta Sudan suka sake bin layin, suka tsinci gawar rahama 17 a zagaye ɗaya. Ƙiyasinsu shi ne layin ya kashe ɗaruruwa, wataƙila dubbai, a tsawon shekarunsa. Sai a farkon 2014 aka sanar da kashe shi bayan an ja sabo mai rufi a gefensa. Kusan shekara sittin ke nan ana asara a kan abin da gyaransa bai fi canjin fasalin kan falwaya ba.

Manyan hasumiyoyin da ke ɗauko wuta daga Marawi ba su ne matsalar ba, wayoyinsu sun yi nisa da juna. Matsakaitan layuka ne masu kisa, irin waɗanda ke shiga ƙauyuka da gonaki da rijiyoyin burtsatse, kuma irinsu ne za a fi ja a wannan gyara. A Mongoliya an ƙiyasta irin waɗannan layuka suna kashe hurru kusan 4,000 a shekara, har sai da wata gidauniya ta Abu Dabi ta bi dubban falwayoyi tana rufe su ɗaya bayan ɗaya. Maganin sananne ne: a sa rufi a kan waya daidai wurin falwaya, ko a rataye wayar ƙasa da ƙarfen maimakon a ɗora ta a sama, ko a ƙara tazara. In an yi tun wurin kafawa, ƙarin kuɗin kaɗan ne. In an bari sai daga baya, sai an sake hawa kowace falwaya. Kuma ba don tsuntsu kaɗai ba: duk sanda babban tsuntsu ya haɗa waya biyu, layin na iya faɗuwa, famfon ruwa ya tsaya, firjin allurar rigakafi ya mutu.

Wanda ke ganin ungulu da shirwa ba su da amfani ya tambayi Indiya. A shekarun 1990 wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kusa ƙarar da ungulayen ƙasar, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, ruwa ya gurɓace. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa hakan ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. 'Yan'uwanmu da ke zuwa daga Kano da Sakkwato suna ba da labarin yadda mahauta suka wayi gari ba ungulu ko ɗaya a kwata, wurin da a da sai an kore su. Can masu tsibbu ne suka fi cinye su. A birnin da kwashe shara bai dawo daidai ba, shirwar da ke shawagi a kan kasuwar Soba ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta karɓar albashi.

Kyamara ta zama abin tuhuma

To wa zai ƙirga? Gwamnati ba ta da kuɗin aika masana jiha-jiha, jami'o'i suna fama da gyaran rufinsu. Hanyar da ta rage ita ce wadda wasu ƙasashe suka bi: talakawa masu waya da kyamara. A Najeriya cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen ƙasar a 2015, da 'yan sa-kai. Matasan Arewa, da yawansu Hausawa irinmu, suka kafa tawagarsu suna shiga gari-gari suna rubuta abin da suka gani a manhajar waya. Hoto ɗaya mai kwanan wata da wuri ya fi labarin "na taɓa gani" sau ɗari, domin masani a ko'ina yake zai iya dubawa ya tabbatar da jinsin.

Mu nan ba sai an gaya mana ƙarfin hoto ba. A Janairun 2020 hotunan zakunan gandun Kurashi a Hartum, ƙashi da fata, suka zagaya duniya. Usman Salih ya ɗauki maganar a Facebook, daga nan aka samu cibiyar ceton dabbobi ta Bagir, nan kudu da mu kaɗan. Da yaƙi ya rutsa da ita, ƙungiyar Four Paws ta kwashe dabbobin a Nuwamban 2023, daga baya zakuna 11 suka isa Afirka ta Kudu. Ba don wani ya ɗaga kyamara ba, da a kejinsu za su ƙare ba wanda ya ji.

Amma yau a Hartum ɗaga kyamara sama ba ƙaramin abu ba ne. Sama ta zama wurin da mutuwa ke fitowa. Jirage marasa matuƙi, musayyarat, sun bugi Bur Sudan a watan Mayun 2025, sun bugi tashoshin wuta a Marawi da Umdurman. Yara a makarantarmu in sun ga abu yana shawagi ba ya kaɗa fiffike, sai su fara kallon ƙofa. Wani abokina malamin kimiyya, wanda kafin yaƙi muke zuwa da shi tafkunan tace ruwa na Soba ranar Juma'a da sassafe yana ɗaukar tsuntsayen ruwa da shirwa, an tsare shi a wani shinge tun hantsi har la'asar. Laifinsa hoton shirwa a kan falwaya a cikin wayarsa, taransifoma ya fito a gefen hoton. Kyamararsa mai dogon baki kuwa tana ƙasan akwati, ya ce ba zai fito da ita ba sai ya ga takarda mai hatimi. Kuma kun san mu Hausawa in aka fara tambaya ba a tsayawa kan hoto, sai an gangaro kan lambar ɗan ƙasa da "asalinku daga ina", ko da kakan kakanka a Mai Wurno aka binne shi.

Ba zan ce mai tsaron shinge ba shi da hujja ba. An bugi tashoshin wuta, kuma ba a bugun wuri sai an san inda yake. Amma tsoro in ba a yi masa iyaka ba, yakan kai mutum ga abin dariya. A Disamban 2012, a Kirainik ta Darfur ta Yamma, an kama wata mikiya ɗauke da na'ura da alamar Jami'ar Hibru ta Ƙudus, jaridu suka ce an kama ɗan leƙen asirin Isra'ila. Na'urar irin wadda masana ke ɗaura wa tsuntsu ce don su san inda yake ƙaura, ba ta ɗaukar hoto. Ire-iren waɗannan na'urori ne suka nuna cewa hurrun da aka ƙyanƙyashe a Hangari yana iya kaiwa har Nijar, su ne kuma suka tona yadda wani maharbi ya kashe wata rahama mai suna Paschalis a kudancin Nijar a 2014, bayan ta taso tun daga Girka. Bana tsuntsaye masu irin wannan na'ura za su ratsa Sudan. Wanda ya tsinci ɗaya, ya kai wa 'yan sandan namun daji ko sashen nazarin dabbobi na jami'a, kada ya fasa ta.

Sai dai kada mu ɗauka hoto alheri ne zalla. Mai kamun shaho ya riga mai kare shi amfani da waya. Yana kama tsuntsu zai ɗauki bidiyonsa, ya auna tsawo da faɗin ƙirji da inci, ya ɗora a sikeli, ya tura wa dillali ta WhatsApp, a gama ciniki tsuntsun bai bar daji ba. Mai ɗaukar hoto don sha'awa kuma, in ya sa hoton sheƙar wakari a Facebook ya rubuta sunan dutsen, ya yi wa ɓarawo jagora kyauta. Wayoyin zamani ma suna liƙa wurin da aka ɗauki hoto a cikin hoton ba tare da mai shi ya lura ba. Shi ya sa manhajar eBird ta Jami'ar Cornell take ɓoye wurin da aka ga wasu jinsuna da ake farautarsu. Akwai kuma ladabin aikin: ba a matsar sheƙa, domin uwa in ta tashi daga kan ƙwai a zafin Sudan, mintoci kaɗan sun isa rana ta dafa su. Ba a kuma ɗaure tantabara don a jawo shaho a samu hoto mai kyau. Wanda ya yi haka shi da mai tarko sana'arsu ɗaya.

Akwai wani sabon abu da ya shigo lissafin. A watan Mayun 2025 gwamnati ta yanke hulɗa da Imarat bisa zargin tana taimakon dakarun Da'ama, zargin da Imarat ke musantawa. Ra'ayina shi ne wannan ba zai rage kamun shaho ba. Mai saye yana nan, a Imarat da wajenta, teku kuma ba ta da ƙofa. Abin da zai ragu shi ne kason da ke bi ta hanyar takarda, inda aƙalla ake rubuta adadi. Kuma dole a faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba: kuɗi masu yawa da ake kashewa kan kare shaho daga Halij suke fitowa, ofishin yarjejeniyar 2008 ma a Abu Dabi yake. Masu cin tsuntsun su ne masu biyan kuɗin kare shi, mu kuma yanzu ba ma magana da wasunsu. Saboda haka kada mu zauna jiran wani ya zo ya yi mana.

Abin da nake ganin zai yiwu bai fi ƙarfinmu ba. Hukumar namun daji da jami'a su fitar da kati mai hoto ga malamai da ɗaliban da ke son wannan aiki, a ayyana wuraren da aka yarda a ɗauki hoto, kamar tafkunan Soba da bakin Nilul Azrak da abin da ya rage na Sunut, a sanar da masu tsaron yankin. Kowace makaranta ta ware littafi guda: rana, wuri, jinsi, adadi. Ko ba kyamara, yaro zai iya ƙirga shirwar da ke kwana a kan bishiyar darbejiya ta makaranta duk Alhamis, in aka yi shekara biyar ana yi an samu abin da babu shi a Sudan yanzu. A haɗa da sunaye. Tsofaffinmu a Mai Wurno da Gadarif da Kasala sun san bambancin shaho da shirwa da gaggafa da mikiya, jikokinsu kuwa komai "sagur" ne. In ba a rubuta daga bakinsu ba, sunayen za su riga tsuntsayen tafiya.

Masu kamun ma ban ga dalilin mai da su abokan gaba ba. Ba wanda ya kai su sanin ranar da hurru ke isowa da kwarin da yake bi. Mutumin da zai iya bambance hurru da wakari daga nisan kilomita, in aka ba shi alawus na wata biyu da waya ya ƙirga maimakon ya kama, ya fi duk wani baƙon masani amfani, kuma kuɗin bai kai na taya huɗu na motar ofis ba.

Na falwaya kuwa ba ya jiran kowace hukuma. Kwamitocin unguwa ne ke tara kuɗin taransifoma da waya a wurare da dama, su ne ke zama da injiniya. In an zo kafa layi a unguwarku ko gonarku, musamman a fili inda ba itace, ku tambaye shi ko kan falwayar mai rufi ne, ku ambata masa layin Hor Arba'at. In kun tarar da tsuntsu a mace a gindin falwaya, ku rubuta lambarta da ranar, ku kai wa ofishin wuta na yankin. Baƙin za su zauna da mu har wajen Maris kafin su juya arewa, watannin da aikin jan waya zai fi zafi ke nan.